Amsa ga mai sauraro: karatun duwatsu ɓata kuɗi ne?

Malam daga Bunkure, ka rubuto cewa ɗanka yana son karatun ilimin ƙasa da duwatsu, kai kuwa kana ganin asara ce. To Malam, ka tuna watan Agustan 1988, da madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki? Ruwan nomanka na rani daga Tiga yake zuwa, ita ma da ƙasa aka gina ta. Masu wannan ilimi ne ke gano inda ruwa ke yoyo ta ƙarƙashi tun kafin ɓarna. Ana koyarwa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, shekara 4, injiniya kuma 5. Sai fa ya dage da lissafi. In aikin gwamnati bai samu ba, masu haƙa rijiyar burtsatse suna nemansu.