Neman tallafin kuɗi domin ɗakunan karatu a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba hanyoyin da ɗakin karatu na karkara zai iya bi ya sami tallafin kuɗi, tare da ɗaukar gundumomi uku na jahar Maraɗi a matsayin misali: Agye, Gazawa (wadda aka cire daga Agye a 2011) da Gidan Rumji. Ƙananan hukumomi tara ke nan: Agye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Abin da muke nufi da tallafi shi ne abin da Faransanci ke kira subvention, wato kuɗin da ba a biyan su, amma ana bayar da su bisa sharaɗi, don wani aiki takamaimai, na wani ƙayyadadden lokaci, kuma a ƙarshe a kawo bayanin yadda aka kashe su. Ya bambanta da kyauta, ya bambanta da agaji. Wannan bambanci ba na ƙamus kaɗai ba ne: kwamitin da ya ɗauki tallafi a matsayin kyauta ba ya ajiye rasit, wanda bai ajiye rasit ba kuwa ba a sake ba shi.

Ra'ayinmu shi ne, masu ba da tallafi na waje suna biyan abin da ake yi sau ɗaya (gini, kanta, littattafan farko, horo), ba sa biyan abin da ke dawowa kowane wata. Saboda haka daga gida ake fara nema, ba daga waje ba.

2. Abin da ya sauya

Shekaru da dama, ƙofa ɗaya kowa ya sani. Hukumar ACCT, wadda aka kafa a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, wadda kuma ɗan Maraɗi Ɗan Dikko Ɗankulodo ya shugabanta daga 1974 zuwa 1982, ta ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1980 tsarin cibiyoyin karatu da raya al'adu da aka fi sani da CLAC. Nijar na cikin ƙasashen da suka amfana. Tsarin ya raba nauyi uku: gari ya ba da ɗaki da mai kula, gwamnati ta sa ido, hukumar ta kawo littattafai, jaridu, kayan wasa da na kallo. Wannan ƙofa ta rufe: ƙungiyar OIF, magajiyar ACCT, ta dakatar da Nijar a Disamba 2023, Nijar kuma ta sanar da ficewarta a Maris 2025. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar USAID ta Amurka. Tun kafin nan, gidauniyar Gates ta rufe shirinta na ɗakunan karatu a 2018. Duk wanda ke aiki da tsohon jerin sunayen masu tallafi, to ya fara da share waɗanda ba su nan.

3. Ƙaramar hukuma tukuna

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kowace komin tana da kasafinta da kundin tsarin raya ƙasa (PDC). An rushe majalisunsu a Afrilu 2024, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su, amma kasafin da kundin suna nan. Muhimmancin kundin a nan shi ne, mafi yawan ayyukan raya karkara, har da hukumar ANFICT mai zuba kuɗin gwamnati a ƙananan hukumomi, suna fara tambaya ko abin da ake nema yana cikinsa. Ɗakin karatun da ba a rubuta shi a PDC ba, a idon mai tallafi babu shi.

Mu yi ɗan lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024 jika 42 ne a wata, wato sefa 504,000 a shekara ga mai kula guda ɗaya, ban da wuta, ban da gyaran rufi bayan damina, ban da maganin gara. Da wuya a sami gidauniyar waje da za ta ɗauki wannan fiye da shekara biyu ko uku. Amma idan ƙaramar hukuma ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauka, takardar nan ita ce mafi ƙarfin abin da za a haɗa da buƙatar da za a aika waje. Ɗakunan da muka gani a kulle, da littattafansu a ciki suna shan ƙura, galibi ba littafi suka rasa ba, mai buɗe ƙofa suka rasa.

4. Kuɗin da ba a rubuta "ɗakin karatu" a kansu ba

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. A waɗannan gundumomi, kuɗi masu kauri na noma ne, da abinci, da lafiya, da yaƙi da jahilci. Asusun FIDA ya yi aiki a Agye tun shekarun 1990, ta hanyar PDRAA, sannan PPILDA, daga baya ayyukan suka faɗaɗa zuwa jahar baki ɗaya. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga manoma sun shahara da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Irin waɗannan ayyuka kusan kullum suna da ɓangaren koyar da manya karatu da Hausa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: bayan wata shida na aji, me ɗalibin zai karanta? Masana yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin cewa wanda bai sami abin karantawa ba yakan koma gidan jiya. To ga hujjar ɗakin karatu, kuma da harshen da mai tallafin noma yake ji: akwatin littattafai a kowace cibiya, mai ɗauke da bayanin iri, ajiyar wake, kiwon awaki, lissafin asusu na mata. Wannan ba yaudara ba ce, aikin ɗakin karatu ne na ainihi.

Batun harshe ya shigo ke nan. Ƙungiyoyi irin su Biblionef da Bibliothèques Sans Frontières littattafan Faransanci suka fi bayarwa, Book Aid International kuwa na Ingilishi. Suna da amfani ga ƴan kwaleji da malamansu, amma ba ga matar da ta koyi boko da Hausa a Gangara ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, don haka neman kuɗin sayen littattafan Hausa yanzu yana da madogara a doka. Shawararmu ita ce a nemi kuɗin saye maimakon kwalayen littattafai, domin a zaɓa da kai: daga abin da maɗaba'un Albasa da Gashingo suka buga a Yamai, da kuma kasuwar Kano, wadda littattafanta suka daɗe suna shigowa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa. Bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin ƙasashen biyu (ƴ a nan, 'y a can) bai taɓa hana kowa karatu ba.

5. Rubuce-rubucen hannu

Akwai ƙofa guda da ta dace da jami'a musamman. Shirin Endangered Archives na babban ɗakin karatun Ingila, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004, yana biyan ɗaukar hoton tsofaffin takardu masu haɗarin lalacewa. Shi ya biya aikin Jenne a Mali daga 2009. Sharuɗɗansa a fili suke: asalin takardun ba ya barin ƙasar, ana ajiye kwafi a wata cibiya ta gida, ana kuma saka hotunan a intanet kowa ya gani. Tibiri, mazaunin sarautar Gobir tun wajen 1836, da zaurukan malamanta, wuri ne da ya cancanci a fara bincike a kansa, tare da sashen rubutun Larabci da ajami na IRSH da jami'ar Maraɗi. Sai dai a lura da abu biyu. Da Ingilishi ake cika takardun. Sannan sharaɗin intanet ba kowane mai gado ne zai yarda da shi ba, musamman kan littattafan asiri, kuma wajibi ne a gaya masa tun farko. Shirin ba ya gina ɗaki, ba ya sayen littafin yara.

6. Waƙafi

Ɗakin karatun Ƙarawiyyin na Fas, wanda aka kafa a ƙarni na 14, da waƙafi ya rayu. Alhazan Maraɗi sun saba gina masallatai da rijiyoyi da makarantu. Abin da ba a saba roƙonsu ba shi ne shago guda a kasuwar Cadawa ko ta Gazawa, wanda kuɗin hayarsa za su riƙa biyan mai kula da ɗakin karatu. Ana buƙatar takardar waƙafi a gaban shaidu da hukuma, da sunan ɗakin, da asusun da mutum biyu ke sa wa hannu, domin kada magada su taso bayan rasuwar mai bayarwa.