Rama: Abincin Dabbobi a Gefen Gona

A ƙasar Faransa ana noman wani irin wiwi wanda ba ya sa maye. Ana matse mai daga ƴaƴansa, a ba kaji da shanu tunkuzar da ta rage. Amma a Nijar doka ta hana noman wiwi. Wanda ya shuka shi yana iya shiga gidan kaso.

Muna da shukar da doka ba ta hana ba, wato rama. Manoman Tibiri da Jiratawa sun san ta. Ana yin igiya da ɓawonta, ana yin kwaɗo da ganyenta, dabbobi ma suna ci.

Ga yadda ake tanadinta:

1. A yanke ta kafin karanta ya yi tauri.
2. A shanya a inuwa.
3. A ajiye bisa rumfa, nesa da laima da gara.
4. A gauraya da harawa da dusa. A fara ba su kaɗan-kaɗan, domin ganyen yana da tsami.

Da bazara harawa tana tsada a kasuwannin Maraɗi. Wanda ya yi tanadi tun da kaka, yunwar dabbobi ba za ta sa ya sayar da tumakinsa da araha ba.