Mu Zagaya Ƙasarmu: Madawa, Buza da Keita

An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu gwargwadon abin da Allah ya hore. Yanzu ɗari ya shigo, hanyoyi sun bushe. Lokacin tafiya ke nan.

Da yawa cikinmu sun san Legas, sun san Abijan. Wasu har Libiya sun taka wajen ci-rani. Amma a tambaye su abin da ke bayan dutsen garinsu, sai su yi shiru. Alhali kuwa akwai baƙi da suka taso daga nesa, suka kashe kuɗi masu yawa, don su ga abin da mu muke wucewa kullum da jakinmu ba mu waiwaya ba. Shi ya sa yau za mu bi hanyar da ta tashi daga Madawa, ta bi ta Buza da Keita, ta faɗa Tawa. Za mu tsaya wuri wuri, mu ga abin da ke nan.

Madawa da kwarin Tarka

Madawa tana bisa babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. Nan ne mazaunin Sarkin Gobir Tudu. Wanda ya sauka garin, ya fara da kasuwa. Tabarmar kaba ta Madawa ta yi suna a Nijar duka. Mata ne ke saƙa ta, su rina kabar, su fitar da zane iri iri. Kada mutum ya saya kawai ya tafi. Ya roƙi a nuna masa yadda ake yi, daga yankan kaba har ɗinki. Zai daina raina kuɗin tabarma.

Garin yana cikin kwarin Tarka. Tarka tsohuwar hanyar ruwa ce mai tsawo, ta gangaro daga arewa maso gabas ta shiga Najeriya. Ba kogi ba ce mai gudu kullum. Amma ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta zurfi a fadama. Da rani, sa'ad da tudu ya bushe ƙamas, kwarin yana nan kore shar da albasa. Albasar nan ana loda ta a manyan motoci zuwa Gana da Kodibuwa. Manomin da ke son koyon noman rani, kwana biyu a lambun Tarka ya fi masa labarin wata guda.

Galma

Ba nisa da Madawa akwai Galma da Arzarori. Garuruwan Buzaye ne, Kel Geres. Kakanninsu sun sauko daga Abzin sama da shekara 200 da suka wuce. Masu raƙuma ne, ayarinsu yana zuwa Bilma ɗauko gishiri. Shugabansu ana ce masa Tambari.

A shekarar 1901 sojan Faransa suka shigo ƙasar nan. Kel Geres suka ƙi miƙa wuya. Aka gwabza a Zangebe, aka sake gwabzawa a Galma cikin shekarar. Su da takobi da mashi da garkuwa, Nasara da bindiga. Bindiga ta yi rinjaye, mazaje da yawa suka kwanta.

Filin da aka yi yaƙi ba ya magana. Wanda ya je shi kaɗai, gona zai gani da ƙaya. Sai ya fara gai da masu gari, ya nemi dattijon da ya ji labarin daga bakin kakansa. Irin waɗannan dattawa kuwa kullum raguwa suke yi.

Itatuwan Majiya

Daga Madawa zuwa Buza kamar kilomita 50 ne. Tun a hanya ƙasa take canza kama. Rairayi ya ragu, duwatsu su tashi, baƙaƙe masu shimfiɗaɗɗen kai. Tsakaninsu kwaruruka ne masu albarka. Babba a cikinsu ita ce Majiya. Ruwanta yana gangarawa kudu maso yamma, ya wuce ƙasar Ƙonni, ya zuba a tabkin Kalmalo cikin Najeriya.

Abin kallo a Majiya ba Nasara suka bari ba, ba kuma sarakunan dā ba. Manoma ne suka dasa shi da hannunsu.

Bayan babban farin da aka yi a 1973, itatuwa sun ƙare a kwarin. Iskar gabas ba ta da mai tare ta. Tana kwashe ƙasar gona, tana binne shuka tun tana ƙarama, har mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku. A 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE suka haɗa kai da mutanen Garadume, aka fara dasa bedi, wato dogon yaro. Ba a dasa shi barkatai ba. Layi biyu ake yi kusa da juna, a gicciye wa iska. Sai a bar mita 100, a sake wani layi biyun. Aka sa masu gadi, aka hana dabbobi shiga har itatuwan suka fi ƙarfin akuya. Wannan hani ya yi wa makiyaya da mata masu kiwo nauyi ƙwarai, ba a ɓoye ba. Daga Garadume aikin ya bazu zuwa wasu garuruwa, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita.

Gaskiya ne bedi yana cin gefen gona da inuwarsa da saiwarsa. Amma da aka auna, an ga hatsin da ke tsakanin layuka ya fi na filin da ba shi da kariya. Daga baya kuma aka fara sassabe rassa bi da bi, aka samu itacen girki da na rufin ɗaki. Labarin Majiya ya shiga littattafai, masana daji na ƙasashe da yawa sun zo sun gani.

Wanda ya je, ya hau dutse da safe ya dubi kwarin daga sama. Daga nan ne layukan ke fitowa sarai. Sa'an nan ya sauko ya tsaya bayan layi lokacin da iska ke busawa, ya fita fili ya sake tsayawa. Jikinsa zai gaya masa bambancin. Ya kuma lura da inda aka sare itace ba a maye gurbinsa ba, ya ga abin da iska ke yi ta wannan ƙofa.

Katantanwa bisa dutse

Makiyayi da ke hawan duwatsun Buza da Keita ya sha tsintar wani abu mai ban mamaki. Dutse ne, amma siffarsa ta katantanwa ce ko ta ƙumba. Wani lokaci har haƙorin kifi. Me ya kawo kayan ruwa kan tudu?

Masana duwatsu sun bincika. Sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wurin nan. Ruwan gishiri ne mara zurfi sosai, ya ratso ta inda hamada take a yau. Halittun ruwa suna mutuwa, ɓawonsu yana kwantawa a ƙasa, laka tana rufe shi. A hankali ya daskare ya zama dutse. Teku ya janye. Ruwan sama ya yi ta zaizayar ƙasa, ya fafe kwaruruka, ya tone abin da ke binne.

Dubi gefen dutse inda ya tsage. Za ka ga hawa hawa, kamar an jera tabarmi. A sama baƙin dutse ne mai nauyi, mai ƙarfe a ciki. A ƙarƙashi akwai fari. Cikin farin nan ne ake samun katantanwar. Irinsa ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Masana har sun raɗa wa wannan hawa na dutse sunan Garadawa, wani gari na ƙasar Adar. Ke nan sunan ƙauyenmu yana cikin littattafan manyan makarantu, mu ba mu sani ba.

In ka tsinci irin wannan dutse mai kyau, kada ka fasa shi, kada ka sayar wa mai wucewa. Kai shi lakol, yara su gani.

Aznan ramu da maƙera

Adar tsohuwar ƙasa ce. Labarin kaka da kakanni ya ce mutanen farko cikin kogunan dutse suka zauna. Su ake kira Aznan ramu. Daga baya wasu jama'a suka yi ta zuwa suna zama tare da su. Har yanzu akwai garuruwan da za a nuna maka kogo ko kufai a gindin dutse, a ce nan ne mafarin gari. Wasu wuraren masu gari suna girmama su, ba a shiga sai da izini. A kiyaye.

Baƙin dutsen nan na sama shi ne ya ba Adar ƙarfe. Kafin ƙarfen mota ya yawaita, maƙera ne ke haƙo tama, su gina murhu na yumɓu, su hura wuta da gawayi har ƙarfe ya fito. Da shi ake ƙera hauya da gatari da mashi. A shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar, har ta ɗauki aikin narka tama a silima. Yau an daina wannan aiki. Abin da ya rage shi ne tulin kashin maƙera a daji, baƙi mai ƙyalli. Inda ka gan shi da yawa, ka san an taɓa yin babbar maƙera a wurin.

Sarauta kuwa ta canza hannu sau da yawa. Dā Adar tana bin Kabi. Wajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar da yaƙi. A 1721, bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas, ya dawo Adar ya zauna. Zuriyarsa ce ke sarautar Illela. Cikin Buzayen da suka taimake shi akwai Lisawan, waɗanda shugabansu ke da sarautar Amattaza. A farkon mulkin Nasara aka ba gidansu riƙon ƙasar Keita. Malam Djibo Hamani, masanin tarihi ɗan ƙasarmu, ya rubuta littafi a kan Adar ta kafin zuwan Nasara, ya fito a 1975. Da Faransanci yake. Wanda ke da ɗa a makaranta ya sa a nemo, a fassara masa.

Keita

Daga Buza zuwa Keita kamar kilomita 60 ne. Kafin 1984, wanda ya hau tudun Keita fako zai gani, ƙasa mai tauri kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fitowa. In an yi ruwa, sai ya gangaro da ƙarfi, ya yanka kwazazzabai, ya cinye gonakin kwari.

A 1984, shekarar fari mai tsanani, aka buɗe babban aikin raya karkara da kowa ya sani da sunan Furojen Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM ta ba da abincin da ake biyan ma'aikata. Maza da yawa sun tafi ci-rani a lokacin. Mata ne suka fi yawa a wurin aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramu a jikin dutse da diga, cikin rana.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A tare ruwa tun daga sama, kafin ya yi ƙarfi. A jikin dutse an haƙa ramu jere jere, kowane da itacensa. Bisa tudu an ja dogayen kunyoyi, an ƙarfafa su da dutse. Cikin ƙoramu an gina madatsai. Ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya, don tun dā manoman Adar suna jera duwatsu a gona, abin da suke kira gandari. Furoje ya zo da motoci da awo, ya faɗaɗa abin.

Daga 1984 zuwa 2003 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000. Adadi ne mai wuyar riƙewa a ka. Gara mutum ya je ya tsaya a inuwar bagaruwa bisa tudun da dā fako ne, ya tambayi tsohuwar da ta haƙa ramin. Furoje ya ƙare, baƙi sun koma gida. Inda gari ya ci gaba da gyara, aikin yana nan. Inda aka bari, ruwa ya fasa kunya ya koma halinsa. Duka biyun abin gani ne.

Kusa da Keita akwai Ibohaman, mai madatsar ruwa, wadda muke kira baraji. Ta girmi furoje, tun ƙarshen shekarun 1960 aka gina ta don ban ruwan gonaki. Babbar matsalarta laka ce. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga tudu, cikinta take kwantawa, wurin ruwa yana raguwa. Wanda ya ga wannan zai gane dalilin ramun da ke can sama. Bayan damina tsuntsayen ruwa suna taruwa a irin waɗannan wurare, a je da sassafe.

A hanyar Tawa kuma ga Tamaske, babban gari na ƴan kasuwa. Nan matafiyi zai huta ya yi sayayya.

Kafin a tashi

Ba lalle a yi zagayen nan duka a tafiya ɗaya ba. Ƴan ajin karatun manya suna iya haɗa kuɗi, su ɗauki amalanke ko mota ranar kasuwa, su je wuri ɗaya mafi kusa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, kafin zafi ya sauko. Da damina ƙoramu suna yanke hanya, kada a kuskura a shiga ruwa mai gudu.

A riƙe ruwan sha da takalmi mai ƙarfi, don duwatsun suna da kaifi, kuma akwai kunama da maciji a ƙarƙashinsu. A ɗauki katin shaida. A ƴan shekarun nan ɓarayi masu bindiga sun dami garuruwan bakin iyaka, kudu da Madawa, saboda haka a tambayi labarin hanya wurin hukuma, kuma kada a yi tafiyar dare.

In an isa gari, a fara da ƙofar hakimi, a kai goro, a faɗi abin da ya kawo ku. Shi zai haɗa ku da wanda ya san wurin. Mutum ɗaya ya riƙe littafi da alƙalami. Ya rubuta sunan wurin, da ranar da aka je, da sunan dattijon da ya ba da labari, da abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. In an dawo, a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.