Wa ke kauce wa wani idan jirage biyu sun haɗu a matsatsin ruwa?

Mai bin hanyar Agadez daga birnin Tahoua, idan ya yi tafiyar kilomita kusan 50, zai iske tabkin Tabalak, wanda aka saka cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2005, tare da na Dan Dutsi. Masunta da dama ne ke ci da iyalinsu daga tarwaɗa da karfasar wannan tabki. Da damana ruwa na da faɗi, kowa da wurin bi. Amma da rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, sai wasu wurare su koma ƴan siraran mashigai. A nan ne kwale-kwale biyu ke haɗuwa gaba da gaba, kuma kuskure kaɗan na iya kifar da jirgi ko ya yaga komar da mutum ya ci bashi ya saya.

Matuƙan teku sun daɗe da warware wannan matsala. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta fitar da dokokin hana karo a 1972, suka fara aiki a 1977. Doka ta 9 ta yi magana ne kan matsatsin hanya. Don manyan jirage aka rubuta ta, amma hikimar da ke ciki tana amfanar mai filafili.

Na farko, kowa ya riƙe hannunsa na dama, kamar yadda direbobi ke yi a titunan Nijar. Idan an yi kiciɓis, kowane jirgi ya karkata dama, su wuce juna ta hagu.

Na biyu, wanda ya biyo baya yana son wucewa, shi ke da alhakin kaucewa. Sai ya ba da sanarwa, ya jira na gaba ya amince. A teku ƙaho ake busawa; a tabki kira da murya ya isa. Haka ma idan an kusanci kwana, inda ciyawa ta kare gani.

Na uku, jirgin da ba zai iya bin ko'ina ba sai tsakiyar hanya mai zurfi, ba a tare masa gaba. Kwale-kwale maras kaya yana iya raɓawa gefe, amma wanda ya ɗauko mutane da buhunna, idan ya bar zurfi sai ya kafe a laka.

Na huɗu, masunci ma yana da nasa nauyi. A fili ana kauce wa mai jan koma, amma dokar ta hana shi toshe mashigi da kayan kamun kifi, kuma ta ce a guji tsayar da jirgi a wurin.

Sauran kuma ladabi ne. Mai inji ya rage gudu idan zai gifta ƙaramin jirgi, domin igiyar ruwan da yake tayarwa na iya cika kwale-kwalen da lodi ya danne. Wanda aka ba hanya ya ɗaga hannu ya yi godiya. Idan saɓani ya taso, a kai shi gaban sarkin ruwa ko shugabannin masunta bayan an fito tudu. Tsakiyar ruwa ba wurin gardama ba ne, musamman ga fasinjojin da ba su iya iyo ba.