Gas ɗin AC na mota: Abin da ke tsiyayewa a garejin makanikai

Da zarar zafin Maris ya kankama a Abuja, sai motoci su yi layi gaban masu gyaran AC a Apo da sauran garejoji. Abin da aka saba gani shi ne makanike ya danna bawul da sukudireba, gas ya fita da ƙarar "fiii", sannan ya ɗura sabo. Mai mota ya biya ya tafi, alhali abin da aka saki ba iska ba ce ta banza.

Mafi yawan motocin Tokumbo na amfani da gas mai suna R-134a. Shi ya maye gurbin R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi a daina amfani da shi saboda yana cinye shimfiɗar ozon. R-134a ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa na ɗumama yanayi ya ninka na iskar carbon dioxide sau 1,430. Ke nan rabin kilo da ƙaramar mota ke ɗauka ya yi daidai da fiye da kilo 700 na carbon dioxide. Dalilin da ya sa aka cimma Gyaran Kigali a 2016 ke nan, wanda Najeriya ta amince da shi a 2018.

Haɗarin da ya fi kusa kuwa yana kan makaniken ne. Wannan gas yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, don haka idan ruwansa ya fantsama a fata ko ido sai ya ƙone wurin da sanyi. Idan ya haɗu da harshen wuta, kamar na walda, sai ya rikiɗe zuwa hayaƙi mai guba.

Hanyar da ta dace ita ce injin zuƙe gas. Ana haɗa tiyo biyu da bawul ɗin ƙaramin matsi da na babban matsi, injin ya janye gas ɗin, ya raba shi da man kwamfireso, ya tace danshi da datti, ya auna nauyinsa a tukunya ta musamman wadda ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100. Bayan an toshe inda ke yoyo, sai a zuƙe iskar da ke cikin bututai na kimanin minti 30, a mayar da gas bisa awon da kamfani ya rubuta a ƙarƙashin bonet. Sau da yawa gas ɗin mai motar ne ake mayar masa, sai ɗan cikon da ya ɓace.

Injin yana da tsada, shi ya sa ƙananan garejoji ke kauce masa. Amma AC ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan fetur. Idan ya ragu, to akwai yoyo, kuma ɗura sabo ba tare da gyara ba asarar kuɗi ce kawai.

Sababbin motocin Turai da Amurka na zuwa da R-1234yf, wanda ke iya kama wuta. Ba a gauraya shi da R-134a, kuma injinsa daban ne.