Sharar Bututun Iska da Ingancin Iskar Cikin Gida a Birane

A yawancin gidajen biranen Amurka da Kanada, inda hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara kuma bazara ke zuwa da zafi mai gumi, na'ura guda ce ke ɗumama gida ko ta sanyaya shi baki ɗaya, kuma galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a cikin silin ake girke ta. Iskar da na'urar ta gyara tana bin wasu hanyoyi da aka ɓoye a cikin bango da ƙarƙashin daɓe har ta kai kowane ɗaki, waɗannan hanyoyi su ake kira bututun iska. Ana ƙera su da kwano mai laushi, ko da allon zaren gilashi, wato gilashin da aka narka aka ja shi kamar auduga, ko kuma da roba mai lanƙwasuwa wadda aka ɗora a kan murɗaɗɗiyar waya. Iri biyu ne: na kaiwa, waɗanda ke tura iska zuwa ɗakuna, da na dawowa, waɗanda ke zuƙo iskar ɗakunan su maido ta wurin na'ura, inda take ratsa mataci kafin fanka ta sake tura ta. Saboda haka iska ɗaya ce ke ta kewaya gidan sau da yawa a yini, kuma duk abin da ta ɗauko a falo yana iya isa ɗakin kwanan yara.

Damuwa da iskar cikin gida ta ƙaru ne bayan shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka dakatar da sayar wa Amurka mai, makamashi ya yi tsada, magina suka shiga toshe duk wata kafa da ɗumi zai iya sulalewa ta cikinta. A wancan lokaci an rage adadin iskar waje da ake shigarwa cikin gine-gine zuwa kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba, ba a kuma ɗaga ma'aunin ba sai a 1989. A tsakanin waɗannan shekaru ma'aikatan ofisoshi suka yawaita kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda kan lafa da zarar mutum ya bar ginin, har masana suka raɗa wa lamarin suna ciwon gini marar lafiya. Tsoro ya daɗa shiga zukata a 1976, sa'ad da wata cutar huhu da ba a san ta ba ta kama mutane kusan 200 da suka halarci taron tsoffin sojoji a wani otal a birnin Filadelfiya, 29 daga cikin mahalarta suka rasu, daga baya aka gano ƙwayar cutar da ake kira Lejiyonela, wadda ke hayayyafa a cikin ruwa mai ɗumi irin na hasumiyar sanyaya manyan gine-gine. A cikin wannan yanayi sana'ar sharar bututu ta bunƙasa, har masu yin ta a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NADCA, a 1989, wadda ke tsara ƙa'idojin aiki tana kuma ba da shaidar ƙwarewa.

Wanda ya cire murfin bututun dawowa a gidan da ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, ya haska tocila a ciki, zai ga wata toka-tokar shimfiɗa mai kama da bargo manne da kwanon, wadda ta haɗa zaren tufafi da ɓurɓushin fatar mutane da gashin kare ko kyanwa, wani lokaci har da garin siminti da ƙusoshi da magina suka bari tun ranar da aka rufe bangon. Aikin ƙwararru shi ne fitar da wannan datti daga gidan gaba ɗaya, kuma tsarinsa yana da ma'ana. Da farko sukan yanka kafa a jikin babban bututu su jona ƙaton tiyo mai kaurin cinyar mutum, wanda ke haɗe da injin zuƙa, sau da yawa a bayan mota a ƙofar gida, sannan su liƙe bakin kowane bututu da leda domin ƙarfin zuƙar ya taru wuri ɗaya. Wannan shi ake kira ƙarancin matsin iska: matsin da ke cikin bututun ya yi ƙasa da na ɗaki, ta yadda duk ƙurar da ta tashi za ta bi hanyar tiyo maimakon ta fantsamo cikin gida. Daga nan sai su buɗe bakunan ɗaya bayan ɗaya, su zura buroshi mai juyawa ko wata bulalar roba da iska ke kaɗawa, tana dukan bangon bututun tana kakkaɓe abin da ya manne. Idan injin zuƙar a cikin gida yake fitar da iskarsa, wajibi ne ya kasance da matacin da ake kira HEPA, wanda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu faɗin maikiron 0.3, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Cikakken aiki yakan ci awoyi, domin ya haɗa da fanka da naɗaɗɗun bututun sanyi da tiren da ruwa ke ɗiga a ciki.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko wannan wahala tana gyara iskar da mazauna gida ke shaƙa, kuma a nan binciken masana bai goyi bayan masu talla ba. A 1997 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da takardar jagora ga masu gidaje, inda ta bayyana cewa ba a taɓa tabbatar da sharar bututu tana hana rashin lafiya ba, kuma ba a nuna cewa ƙurar ɗakuna na ƙaruwa saboda dattin bututu ba. Kafin nan hukumar kula da gidaje ta Kanada ta auna gidaje 33 a birnin Montiriyal kafin shara da bayanta, ba ta kuwa sami wani sauyi na a zo a gani ba a yawan ƙurar da ke cikin iska. Dalilin a fili yake ga mai lura: ƙurar da ta sami wurin zama a bututu manne take, ba ta tashi sai an taɓa ta, alhali girki da shara da hayaƙin taba da takun ƙafa a kan kafet suna tayar da sabuwar ƙura kullum a daidai inda hanci yake.

Duk da haka akwai halin da sharar ke zama dole, kuma hukumar ta Amurka ta ambaci uku: idan an ga fumfuna ƙuru-ƙuru a cikin bututu ko a jikin na'ura, idan ɓeraye ko ƙwari sun yi sheƙa a ciki, ko idan datti ya cunkushe hanya har ana ganinsa yana fitowa cikin ɗaki. Batun fumfuna ya cancanci a tsaya a kansa, domin tushensa danshi ne. Iska mai ɗumi idan ta taɓa ƙarfe mai sanyi takan zubar da raɓa, kamar yadda jikin kwalbar ruwan sanyi ke jiƙewa a ranar zafi, kuma idan mazirarin tiren ya toshe ruwan zai kwanta, ƙurar da ke kusa ta jiƙe ta zama abincin fumfuna, wadda ƙwayoyinta ke tayar wa masu asma ciwonsu. Wanda ya share bututu bai toshe inda ruwan ke fitowa ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba, fumfunar za ta dawo. Allon zaren gilashi kuwa, idan ya jiƙe ya yi fumfuna, ba ya wankuwa, sai dai a cire shi a sa sabo. Shi ya sa ake so danshin iskar gida ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, mafi kyau tsakanin 30 da 50.

Abin takaici ne cewa sana'ar ta cika da baragurbi, masu tallar sharar gida sukutum a kan 'yan daloli kaɗan, waɗanda idan sun shigo sai su nuna wa tsohuwa ko magidanci wani baƙin tabo su ce fumfuna ce mai kisa, su ninka kuɗin sau goma, ko su fesa magunguna masu ƙarfi a hanyar da jarirai za su shaƙa. Aikin da aka yi da raunannen inji ya fi rashin yinsa muni, tunda yana farfaɗo da ƙurar da ke kwance ya watsa ta cikin ɗakuna, buroshi mai tauri kuma yakan yaga bututun roba.

Abubuwan da ke gyara iskar gida da gaske uku ne: kawar da tushen gurɓata, shigo da iskar waje, da tace wadda ke ciki. Mataci mai kyau wanda ya zauna daram a mazauninsa, ana sauya shi bayan kowane wata biyu ko uku, yana hana datti shiga bututu tun farko. Mafi haɗarin ƙura ita ce wadda faɗinta bai wuce maikiron 2.5 ba, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, mai iya kutsawa can cikin huhu har ta shiga jini, kuma galibi daga wuta take fitowa, ko ta girki ko ta taba ko ta kyandir. Akwai kuma iskar radon mai tasowa daga ƙasa ta tsagar daɓe, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu a Amurka, ba kuwa buroshin da zai kama ta.

A Kano da Abuja da Yamai, bututun iska a manyan otal-otal da bankuna da asibitoci ake samunsa, gidaje kuwa sun fi amfani da na'urar sanyi mai manne wa bango, wadda ba ta da bututu sai rariyar roba da mai gida zai iya zarewa ya wanke da ruwa, musamman a hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke toshe ta cikin 'yan makonni. Babbar barazana a waɗannan birane ita ce hayaƙi: na janareton da aka kunna a baranda ko kusa da taga, mai fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda kan kashe iyali suna barci, da na itace da gawayi a madafar da ba ta da mafitar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga irin wannan girki take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.