Labarin da Ake Tsallakewa a Wasannin Harbi

A ƙarshen watan Satumban 2025 aka sanar cewa Asusun Zuba Jari na Saudiyya da wasu kamfanoni biyu na Amurka, Silver Lake da Affinity Partners, sun amince su sayi kamfanin wasannin bidiyo na Electronic Arts a kan dala biliyan 55. Nan da nan wasu suka hau tambaya: me mai hankali zai tsinta a wasan yara, wanda ba komai a cikinsa sai ƙwallo da harbe-harbe? Masu tambayar sun yi tuntuɓe sau biyu. Manyan wasannin harbi ba na yara ba ne, akasarinsu an buga musu shaidar cewa na 'yan shekara 17 ko 18 ne zuwa sama. Sannan akwai labari a cikinsu, kuma yadda ake cusa shi ne ya kamata ya ɗauki hankalinmu.

Matsalar mai tsara irin wannan wasa a fili take. Wanda ya riƙe bindiga a allo sauri yake yi, in ka tsayar da shi ya kalli guntun fim na minti biyar sai ya danna ya tsallake. In kuma ka cire labarin ɗungurungum, wani ya ce an sayar masa da fanko. Lokacin da kamfanin id Software yake haɗa Doom, wanda ya fito a 1993, Tom Hall ya rubuta doguwar takarda mai ɗauke da jarumai da tarihinsu. Abokan aikinsa suka ajiye mafi yawanta a gefe, shi kuma ya bar kamfanin kafin wasan ya fita. Doom ya karɓu da ɗan labarin da bai taka kara ya karya ba, daga nan mutane suka ɗauka harbi ba ya buƙatar zance.

Abin da aka manta shi ne, shekara guda kacal bayan haka aka samo mafitar da ake amfani da ita har yau. A 1994 kamfanin Bungie ya fitar da Marathon a kwamfutocin Macintosh, ya zuba labarinsa a allunan kwamfuta da ke jikin bango cikin jirgin sararin samaniya: mai son karatu ya nutsu ya karanta, mai gaggawa ya leƙa ya wuce. A shekarar ce kuma System Shock ya warwatsa saƙonnin mutanen da suka mutu a tashar da ake faɗa a cikinta, ɗan wasa ya tsinta ya harhaɗa abin da ya faru da kansa. Half-Life na 1998 ya ƙi ƙwace akalar wasa daga hannun mai bugawa, komai a gaban idonsa yake faruwa, jarumin ma, Gordon Freeman, ba ya furta kalma ko ɗaya. BioShock na 2007 ya cika birnin Rapture na ƙarƙashin teku da faya-fayan murya da ake saurare ana tafe ana harbi. Wato an raba labari gida biyu, ɗan kaɗan na dole, mai yawa na ganin dama.

Wasu daga cikin waɗanda suka kauce wa wannan ma'auni sun ji a jikinsu. Destiny na 2014 ya kwashe tarihin duniyarsa ya kai shafin intanet a wajen wasan, ya sha suka. Call of Duty: Black Ops 4 ya fito a 2018 babu ɓangaren labari, haka Battlefield 2042 na Electronic Arts a 2021. Da Battlefield 6 ya zo a Oktoban 2025, sai ga ɓangaren labarin ya dawo.

To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Ana iya tsallake guntun fim, ba a iya tsallake garin da aka jefa ka, da fuskar wanda aka ce ka harba, da harshen da yake ihu da shi. Wannan ma labari ne, kuma ba na ganin dama ba ne. A Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009 an ba ɗan wasa zaɓin tsallake matakin da ake karkashe fararen hula a filin jirgin saman Mosko. Ba a ba shi zaɓin sauya wanda aka naɗa mugu ba. A Modern Warfare na 2019 an ambaci wata “Hanyar Mutuwa” a ƙirƙirarriyar ƙasa, aka ce Rasha ce ta yi mata ruwan bama-bamai, alhali sunan na hanyar Kuwait zuwa Basra ne, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ragargaza ayarin sojojin Iraƙi masu janyewa a Fabrairun 1991. Rundunar sojin Amurka ma ta fitar da nata wasan kyauta, America's Army, a 2002, don jawo matasa aikin soja. Ba a kashe kuɗi haka a kan abin da ba ya shiga kai.

Hatta adon bango magana ne. A 2012 an janye filin Favela na Modern Warfare 2 na ɗan lokaci, bayan 'yan wasa Musulmi sun gano hadisi rubuce a jikin firam ɗin hoton da aka rataye a banɗaki. A 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun nemi afuwa kan shafukan Alƙur'ani da aka gani warwatse a ƙasa. Waɗanda suka tsaya suka duba ne suka gano waɗannan, ba masu gudu da harbi ba.

Yau PUBG da Free Fire da Call of Duty: Mobile suna cikin wayoyin samarinmu daga Kano har Maraɗi, iyaye kuwa abin da suka sani shi ne “yaro yana buga gem”. Wasu sun ƙwace waya, wasu sun zuba ido, duka biyun gudun aiki ne. Uba ya zauna ya tambayi ɗansa: wa kake harbi, me ya yi, wa ya gaya maka? Hukumomin da ke bin finafinai da littattafai layi-layi su koyi karanta shaidar shekarun da ke jikin wasanni, su fassara wa jama'a ita da Hausa. Jami'o'in da ke koyar da kimiyyar kwamfuta kuma su haɗa ɗalibansu da marubutan labari, waɗanda muke da su jingim, su gina wasa ko da ƙarami ne. Muddin ba mu rubuta namu ba, za mu ci gaba da fitowa a na wasu a matsayin da suka ga dama, kuma mu sayi data da kuɗinmu mu kalla.